Tamale: Garin Da Ya Sa Harshensa A Intanet

Duk wanda ya taso daga Kumasi ya nufi arewa, ya wuce Techiman da Kintampo, to, da ya haye gadar Buipe da ta Yapei ya san ya kusa. Kurmi ya ƙare, sai fili fetal da itatuwan kaɗanya da ɗorawa. Haka muka shiga Tamale a cikin hunturu, ƙura ta lulluɓe gari, babura da kekuna da keke mai ƙafa uku sun cika titi, mata da maza kowa a kan nasa.

Tamale ƙasar Dagwamba ce, kuma ita ce hedkwatar Jihar Arewa. Tun 1907 Turawan Ingila suka dawo da mazauninsu nan daga Gambaga, shi ne garin ya bunƙasa. Amma Bahaushe ba ya jin baƙunci a nan. Akwai Zangon Hausawa, akwai unguwar Sabonjida, in kuwa ka shiga kasuwar Aboabo da Hausa za ka yi cinikinka ka gama. Ko abincin ma sunansa namu ne: koko da ƙosai da safe, tuwon zafi da dare.

Abin da ya kai mu shi ne wani aiki da maƙwabtanmu Dagwamba suka yi. Wasu matasan garin, irin su Sadik Shahadu, sun kafa ƙungiyar masu rubuta Wikipedia da harshen Dagbani. Wikipedia kuwa, ga wanda bai sani ba, kundin ilmi ne a intanet wanda kowa ke iya karantawa kyauta, kowa kuma ke iya ƙara abin da ya sani, muddin ya kawo madogara. A shekarar 2021 aka buɗe sashen Dagbani, a 2023 kuma harsunan Gurene da Dagaare suka bi baya. Da taron koyarwa suka kai ga haka: a tara ɗalibai da malaman makaranta, a zauna da kwamfuta ko wayar hannu, a koya wa mutum yadda zai rubuta labarin ƙauyensu.

To, mai rubutu yana buƙatar madogara, madogara kuwa a laburare take. Tamale tana da babban laburare na jiha a ƙarƙashin Hukumar Laburare ta Ghana, wadda ta fara aiki tun 1950, ga kuma na Jami'ar UDS da aka kafa a 1992. Wannan ne ya sa aka ga wajibi ne a horar da ma'aikatan laburare su ma. Ƙungiyar laburarorin Afirka, AfLIA, mai hedkwata a Ankara, ta shirya kwas a kan haka a 2020 da 2021 da tallafin Gidauniyar Wikimedia. Ta intanet aka yi shi, don haka na Tamale da na Ankara duk aji ɗaya ne. Ita ce kuma ta ware mako guda a watan Mayu na 2020, inda aka nemi kowane ma'aikacin laburare ya duba bayanan da suka shafi Afirka ya ƙara musu madogara.

Me ya kamata a koya? Da farko ɗaukar hoton takarda shafi-shafi, a miƙe, da haske mai kyau, ba tare da an ɓata ta ba. Na biyu rubuta bayaninta: wa ya rubuta, a wane gari, wace shekara, da wane harshe, a hannun wa take. Hoton da ba shi da wannan bayani tamkar kaya ne a tasha babu sunan mai shi. Na uku sanin inda kowane abu ke zuwa. Hotuna da sauti a Wikimedia Commons ake ajiye su. Tsohon littafi kuma Wikisource ake kai shi, inda masu sa-kai za su sake buga shi harafi-harafi don a iya neman kalma a ciki. Na huɗu kuwa shi ne haƙƙin mallaka. A dokar Ghana ta 2005, haƙƙin marubuci yana nan har shekara 70 bayan rasuwarsa. In bai kai haka ba, sai da izinin mai shi ko magadansa.

A nan ne maganar ta zo kanmu. Daga Tamale zuwa Salaga tafiyar 'yan sa'o'i ce, kuma Salaga ce kasuwar goron Gwanja da ta jawo kakanninmu daga Kano da Katsina da Kabi. Tare da fatake malamai suka zo, da allo da tawada. Babbansu shi ne Alhaji Umaru, haifaffen Kano, wanda ya zauna Salaga, bayan yaƙin 1892 ya koma Kete-Krachi, a can ya rasu a 1934. Ya yi rubutu da Larabci da Hausar ajami, a kan zuwan Turawa da halin zaman jama'a, kamar Waƙar Talauci da Wadata. Almajiransa sun bazu a zangunan ƙasar nan, kowa da kwafin da ya rubuta da hannunsa. Shekara 70 sun daɗe da wucewa, saboda haka babu dokar da ta hana a sa rubutunsa inda duniya za ta gani.

Irin wannan aiki an taɓa yin sa. A shekarun 1960 Cibiyar Nazarin Afirka ta Jami'ar Ghana da ke Legon, da taimakon Alhaji Usman Boyo, ta bi gidajen malamai tana aron littattafai, a ɗauki hotonsu, a mayar wa masu su. Ɗaruruwa aka tara ta haka. Sai dai wanda ke son ganinsu a lokacin sai ya tafi Legon. Yanzu kuwa abin da aka sa a intanet, yaro a Nima ko Zangon Kumasi ko Kano zai buɗe shi a wayarsa.

Nawa ne suka rage a cikin adaka da gafaka a gidajenmu? Gara tana ci, damina tana jiƙawa, gobara ba ta sallama. In tsoho ya rasu aka raba gado, sau da yawa takardun kan faɗa hannun wanda bai iya karanta ajami ba. Ranar da aka rasa takarda da mai karanta ta, to, tarihin zango sai abin da wasu suka rubuta a kanmu.

Ba mu ce a kwashe komai a zuba ba. Wasiƙun iyali, da takardun bashi, da abin da malam ya keɓe wa almajiransa, waɗannan sirrin gida ne. A kuma sani, abin da aka sa a Commons an ba kowa izinin kwafa ne, ba a janye wannan izini daga baya. Don haka a zauna da iyali a yi shawara tukuna.

Kiranmu ga sarakunan zango da limamai da ƙungiyoyin matasa shi ne su je laburaren garinsu su nemi a haɗa hannu. Ma'aikacin laburare ya san tsari da bayani, malamin zaure ya san ajami, matashi ya san waya. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Hausa tana da nata sashen a Wikipedia, kuma babu wanda ya fi mu sanin labarin Salaga da Yendi da Zangon Tamale. A fara da littafi ɗaya daga kowane gida, a rubuta sunan mai shi a jiki, a mayar masa da abinsa. Allah Ya ba mu ikon yi.