Daga Tuffar Imlil Zuwa Za'afaran Ɗin Taliwin

Asabar, 19 ga Oktoba

Da sassafe na bar Marrakesh, daga ni sai jakar goyo da bargo. Motar haya na shiga, irin wadda ba ta tashi sai ta cika mutum shida. Muna fita gari duwatsun Atlas suka tare mana kudu, hanya ta fara lanƙwasa tana hawa. Na sauka Asni a kan gaɓa, domin yau kasuwarta ke ci. An ɗaure alfadarai jere a gefe, ga akwatunan tuffa an tula, ga wanzamai na aski a rumfa. A nan na gamu da dattijon da wani abokin karatuna ya haɗa mu, mai gonar tuffa a saman Imlil. Sharaɗinmu a fili yake: in yi aiki tare da iyalinsa, su ba ni ci da makwanci. Ya dubi tafin hannuna, ya ce, "Ɗana, ka taɓa riƙe fartanya?" Na ce, "Baba, a gona na tashi." Ya ce to bismilla.

Lahadi, 20 ga Oktoba

Imlil na kwance a kwazazzabo, wajen mita 1,800 sama da teku, a ƙarƙashin Tubkal, dutsen da ya fi kowane tsawo a Arewacin Afirka, mita 4,167. Masu yawon buɗe ido nan suke kwana kafin su hau. Ni kuwa tsanina na katako ne, a jikin bishiyar tuffa.

Tsinkar tuffa tana da ƙa'ida. Ba a fizga. Tallabo ta ake yi a tafin hannu, a ɗaga sama, a ɗan murɗa, sai ta rabu da reshe da ƙaramin karanta a jiki. Idan karan ya cire, ko yatsa ya danne ta, wurin zai yi baƙi cikin 'yan kwanaki, ta ɓata na kusa da ita a akwati. A kwando ma ajiye ta ake yi kamar ƙwai. Babbar 'yar gidan ce ke tantancewa a gindin bishiya: manya marasa tabo na dillali, masu ƙuna na kasuwar gari, waɗanda suka faɗo na gida da dabbobi. Ba a zubar da ko ɗaya.

Litinin, 21 ga Oktoba

Yau rabon ruwa ya zagayo kan gonarmu, shi ya sa aka tashe ni tun kafin asuba. Gonakin nan hawa-hawa suke a jikin dutse, kowace an tokare ta da katangar duwatsu da aka jera da hannu, wata faɗinta bai wuce taku biyar ba. Ruwan kuwa narkakkiyar dusar ƙanƙara ce da ruwan idanun dutse, an jawo shi ta siririn lambatu da ke bin gefen tudu. Kowane gida da lokacinsa. Idan naka ya yi, ka janye dutse da ɓurɓushin ƙasa daga bakin gonarka, ruwa ya shiga. Idan ya cika, ka toshe, ya wuce wa maƙwabci. Baba ya ce shekarun nan na fari a jere sun rage dusar da ke sauka a kan dutse, ruwa ya ja baya, amma ba a taɓa tsarin rabon ba. Abin ya tsaya mini a rai. Mutanen da ke da ƙarancin ƙasa da ƙarancin ruwa haka, ga su suna fitar da amfanin da ake lodawa a manyan motoci.

Laraba, 23 ga Oktoba

Jiya ban yi rubutu ba, gajiya ta kwantar da ni tun bayan isha'i. Yau mun koma kan ragowar wani ɗan itace mai taurin ɓawo da suke kira garga'a. Samari ke hawa manyan bishiyoyin da doguwar sanda suna kaɗowa, mu muna tsincewa a ƙasa muna ɓare koren ɓawon waje. Ruwansa ya rina mini yatsu baƙi ƙirin, an ce sai ya yi makonni kafin ya fita.

Da magariba na bi Baba masallaci. Bayan sallah aka zauna karatun hizibi baki ɗaya, da ruwayar Warshu, wadda muka taso da ita a makarantar allo. Sallarsu ta Malikiyya ce irin tamu. A allunan hanya kuma akwai rubutun Tifinag kusa da Larabci, dangin wanda Buzaye ke yi a Agadas, domin mutanen nan, Amazig, 'yan'uwansu ne ta harshe. Muka dawo gida aka ɗora abincin da suke kira tajin a tsakiya, kowa ya sa hannu da gutsuren burodi.

Alhamis, 24 ga Oktoba

Na yi sallama da su. Uwar gida ta cusa mini tuffa da burodi a jaka, ta hana ni magana. Daga Asni na sami wata motar kaya mai zuwa kudu. Hanyar ta bi ta Wirgan da Ijukak, tsakiyar yankin da girgizar ƙasa ta 8 ga Satumba, 2023 ta fi yi wa ɓarna. Da dare ta zo, mutane na cikin gida, ta hallaka sama da mutum 2,900. Har yanzu akwai tantuna a bakin hanya, kusa da sababbin gine-ginen bulo da ba a gama ba. A Tinmal direba ya rage gudu ya nuna mini masallacin da Muwahhidai suka gina a ƙarni na 12, wanda girgizar ta rushe mafi yawansa. Allah Ya jiƙan waɗanda suka rasu. Duk da haka, a ƙasan kangayen na ga an share gonaki, ruwa na gudu a lambatu.

Juma'a, 25 ga Oktoba

Mun ƙetare mashigar Tizi n'Test, wajen mita 2,100. Hanya siririya, dutse a hannu ɗaya, rami mai zurfi a ɗayan. Ba wanda ya yi hira har muka gangara kwarin Sus, inda iska ta yi ɗumi, bishiyoyin argan suka bazu, awaki na kan rassansu suna ci. Na canja mota na yi gabas ta Awluz, na isa Taliwin da la'asar sakaliya.

Lahadi, 27 ga Oktoba

Yawancin za'afaran ɗin Maroko daga wannan yanki yake fitowa, daga ƙauyukan da ke gangaren dutsen Sirwa. Furensa makonni kaɗan yake yi a shekara, daga tsakiyar Oktoba zuwa Nuwamba. Wani iyali ya karɓe ni a kan sharaɗi irin na Imlil.

Ana idar da sallar asuba muka fita, sanyi na ratsa ƙashi. Dole a tsinke furen kafin rana ta buɗe shi, in ba haka ba ƙamshi da launi su ragu. Gajere ne, shuɗi mai ratsin ja, a dab da ƙasa, don haka a duƙe ake aikin daga farko har ƙarshe. Mata ne suka fi yawa a gonar, kuma hannunsu ya fi na kowa sauri. Da hantsi aka juye kwanduna a kan tebur, aka zauna zagaye. Kowane fure a buɗe shi, a zare jajayen zare uku da ke cikinsa da farce, a ajiye a faranti. Idan aka shanya, wajen kashi huɗu cikin biyar na nauyin ke tafiya. Sai an tsinke fure kamar 150 kafin a sami giram ɗaya busasshe. Aikinmu na yini guda, mu duka, bai cika ƙaramin kofin shayi ba.

Litinin, 28 ga Oktoba

Na raka mai gidan ƙungiyar manoma inda ake awo da sikeli irin na maƙeran zinariya. Ya ce haɗa kan da suka yi ne ya sa dillali bai isa ya yanka musu farashi yadda ya ga dama ba. Gobe zan kama hanyar komawa makaranta, baya na ciwo, yatsu baƙi.

Ga ɗalibanmu da ke karatu a Maroko ko wata ƙasa, shawarata ita ce kada hutu ya ƙare muku a ɗaki. Ku nemi gidan manomi ta hannun wanda kuka amince da shi, ku yi sharaɗi a fili, ku sa hannu a aikinsu. Ku lura da yadda suke raba ruwa, da yadda suke tantance amfani, da yadda suke haɗa kai wajen sayarwa, domin duk ukun muna bukatarsu a gonakinmu na gida.