Kayan Aro a Bakin Mutanen Finlan

Hausawa suna cewa kayan aro ba ya rufe katara. A kan riga da wando na yarda, amma a kan kalmomi ina da ja, kuma shaiduna suna can arewacin Turai, a ƙasar Finlan.

Harshen mutanen Finlan da na maƙwabtansu na Istoniya ba dangin Turanci ba ne, ba kuwa na Jamusanci ba. Danginsu na nesa shi ne harshen Hangare. Kifi a Finlan kala ne, a Hangare hal. Jini veri, can kuma vér. Hannu käsi, can kéz. Waɗannan nasu ne na gado. To, amma sarki fa? Suna ce masa kuningas. A 1869 wani malami ɗan Danmak, Vilhelm Thomsen, ya nuna cewa wannan da waɗansu masu yawa aro ne daga tsohon harshen da ya haifi Jamusanci da Turanci da harshen Suwidin.

Ga abin da ya ba ni mamaki. Masana sun bi sawu, sun ce asalin kalmar kuningaz ce, wajen shekara 2,000 da suka wuce. Masu ita suka yi ta gutsure ta. Turawan Ingila na dā suka ce cyning, na yau king, Jamusawa König. Mai aro kuwa ya riƙe ta kusan yadda aka ba shi, har da wutsiyarta. Haka zobe: asali hrengaz, Finlan rengas, Ingila ring. Watau wanda yake so ya ji muryar kakannin Turawan Ingila, sai ya tafi wurin baƙin da suka ara.

Ba kullum suke barin kalma lafiya ba, gama tsohon harshensu ba ya son baƙaƙe biyu ko uku su taru a farkon kalma. Mu in mun gamu da irin wannan sai mu cusa wasali, mu ce burodi. Su kuwa zubarwa suke yi. Strand, bakin ruwa, ta zama ranta; skauniz, kyakkyawa, ta zama kaunis; hlaibaz, gurasa, ta zama leipä. Da irin wannan ƙa'ida ake gane aro na gaskiya, domin kama da wane ba ta wane ba ce, kuma akwai kalmomin da har yanzu masana suke gardama a kansu.

Wadda ta fi tsaya mini a rai ita ce uwa. Mutumin Finlan yana ce wa uwarsa äiti, kuma ana danganta ta da aithei ta harshen Gotawa, wadda take cikin Littafi Mai Tsarki da Wulfila ya fassara a ƙarni na 4. Tsohuwar kalmarsu, emo, ta koma kan uwar dabba, ko da yake a Istoniya ema ce uwa har yau. Sunan sarki ana iya jinsa a kasuwa ko a fagen yaƙi, amma sunan uwa a cikin ɗaki ake koyonsa. A ganina auratayya ce ta shigar da shi.

Saboda haka, 'yan'uwana, in mun fita koyarwa, ni dai ba zan ja jan biro a kan tebur ko littafi don wai ba Hausa tsantsa ba ne. Sai in tambayi yaron ko ya san daga ina suka zo.