Ba Kowane Aikin Hannu Ne Na Kasuwa Ba

A 'yan shekarun nan, da wuya a yi wata shida ba a tara mata a wani ɗakin taro da sunan koyon sana'a ba. Kwana uku, in an yi nisa mako guda, a nuna musu haɗin sabulun ruwa da man shafawa, a miƙa wa kowacce takardar shaida da bokiti, a ɗauki hoto, a watse. Bayan wata biyu ki zaga unguwa ki gani. An jera koren sabulu a robobin lemo a ƙofar gidaje, kowacce tana jiran maƙwabciyarta ta saya, alhali maƙwabciyar tana can da nata tana jira. Ba niyyar masu shiryawa nake zargi ba. Cibiyoyin mata da aka buɗe zamanin shirin Better Life na marigayiya Maryam Babangida, daga 1987, sun fitar da mata da yawa da suka iya ɗinki da injin saƙa, domin a can watanni ake yi ana zuwa. Abin da ya dame ni shi ne yadda yanzu aka ɗauka cewa duk abin da hannun mace ya iya, dole ne ya zama jari, in kuwa bai kawo riba ba to ɓata lokaci ne.

Ni koyarwa na yi a firamare har na ajiye aiki. Saƙa da sabulu sha'awa ce ta riƙe ni a kansu, kuma da riba nake bi da tuni na jefar da kwarashi.

A gidan da na tashi cikin birnin Zariya, mace ba ta zama hannu rabbana. Kakata ita ke gurza audugarta ta fitar da angurya, ta shiɓe ta, sannan ta zauna kaɗi da mazari, tana dangwalar alli don kada yatsu su yi santsi. Abawa ta tafi saƙar gwado, siririn zare kuma masaƙa su aiko a saya. Wannan kam sana'a ce ta gaske, da ita ta yi wa 'ya'yanta kayan ɗaki. Da aka buɗe masaƙar Kaduna a 1957, wasu suka biyo bayanta, zaren kamfani da yadi suka cika kasuwa da araha, sai mazari ya koma ƙarƙashin gado. Su ma masaƙun ba su dawwama ba. Ta farkon ta rufe a 2002, masaƙar UNTL ta tsaya a 2007, atamfar Sin ta mamaye Kantin Kwari. A rayuwata guda na ga inji ya kayar da hannu, na kuma ga injin waje ya kayar da na gida. Don haka ba na ruɗin kaina: abin da inji zai fitar dubu a wuni, hannu ba zai yi gasar farashi da shi ba.

Saƙar ulu a makarantar kwana ta 'yan mata muka koye ta, a darasin kula da gida. Ba gadonmu ba ce, matan Turawa da na mishan ne suka shigo da ita, amma ta zauna daram saboda hunturunmu ba wasa ba ne, musamman ga jariri. Hula, safa, rigar sanyi, shawul na rufa. Yau ki lissafa ƙullin zaren da rigar sanyin yaro za ta ci, ki je wurin 'yan gwanjo ki tambayi kuɗin tasu, sau da yawa za ki tarar kuɗin zaren kaɗai ya kamo shi, ba a ma zo maganar dararen da kika raba kina ƙirga ido ba. Mu mata ba ma saka lokacinmu a lissafi. Sai ki ji an ce, "Ai a zaune nake, ba abin da nake yi." Mai saye kuma ta juya kayan ta ce, "Haba Hajiya, zare ne fa kawai." Wadda ta sayar a kan kuɗin zare da ɗan abin goro, ba ciniki ta yi ba, kyauta ta bayar ba tare da an gode mata ba. Ni gara in ba da kyautar da sunanta na kyauta.

Kwarashi kam yana da wata daraja da 'yan matan yanzu suka gano kafin mu. Saƙar allura biyu inji yana yin ta tsaf, har ya fi hannu daidaito. Saƙar kwarashi ta ainihi kuwa har yau hannu ne ke yin ta, ido ɗaya bayan ɗaya. Ta fi cin zare, ta fi kauri, amma duk jaka ko hular kwarashi da kika gani, wani ne ya zauna a kanta. Jikokinmu da ke saƙa jakunkuna da riguna suna nunawa a Instagram da WhatsApp sun fi mu wayo a wuri guda: sai an ba da rabin kuɗi suke ɗaukar zare, kuma ba sa jin kunyar faɗin farashi. Waɗannan su yi kasuwancinsu, Allah ya sa albarka. Amma a cikin masu riƙe kwarashi ba kowa ce aka halitta da wannan zuciyar ba, kuma ba laifi ba ne.

Sabulu ne ya fi ba ni tsoro idan na ga ana koyar da shi a gurguje, domin saƙa in ta ɓaci warwarewa ake yi, sabulu kuwa in ya ɓaci fatar mutane yake ci. Iyayenmu da toka suke yin na salo. A ƙona karan dawa ko na gero, a zuba tokar a tukunya mai hudar gindi da aka shimfiɗa wa ciyawa, a kwarara ruwa ya riƙa tsiyaya a hankali. Wannan ruwan tokar za a dafa har ya yi ƙarfi, a haɗa da man gyaɗa ko man kaɗe ko kitse, a yi ta tuƙi a kan wuta har ya kama jikinsa. A ƙasar Yarbawa da Gana ɓawon koko da na ayaba suke ƙonawa, su haɗa da man alayyadi. Gishirin da ke cikin toka laushi yake sa sabulu, shi ya sa na salo ba ya taurin na kanti, kuma in an bar shi a buɗe sai ya jawo danshi ya narke. Soda ita ce ke ba da sabulu mai tauri da ake yankawa sanda-sanda.

Mu da yawa wahala ce ta kai mu ga soda. A 1984, lokacin da ake bin dogon layi don sayen kayan masarufi, sabulu da omo da madara sun zama abin nema, daga baya tsarin SAP na 1986 ya zo, naira ta faɗi, albashi ya daina kai ƙarshen wata. Malamai mata muka riƙa haɗa kuɗi mu sayi soda da mai, mu yi na wankin gida mu raba. Babu wadda ta yi arziki da shi, amma kayan makarantar yara ba su kwana da datti ba.

Abin da kwana uku ba ya isa a koya shi ne awo. Kowane mai da adadin sodar da yake ɗauka. Kilo ɗaya na man kaɗe yana bukatar kusan giram 128, man ja kusan 141, man kwakwa da na alayyadi kuwa sun fi haka nesa. Wadda aka koya wa "gwangwani kaza na soda, kwalba kaza ta mai", ranar da man da ta saba ya yi tsada ta canza wani, sai sodar ta yi rara, sabulun ya riƙa zafi a hannu yana tsattsage tafin mai wanki. In kuma man ne ya yi rara, ya ƙi daskarewa, daga baya ya yi wari. Da masu rabon bokiti za su ji shawarata, ƙaramin sikeli za su raba da safar hannu, su rage yawan mutanen, su tsawaita kwanakin. Soda ake zubawa a cikin ruwa, ba a kwarara ruwa a kan soda, domin zafin da take tasowa da shi yana iya fantsama a fuska. Ba a haɗa ta a tukunyar alminiyum, cin ta take yi. A yi a tsakar gida inda iska ke kaɗawa, a kori yara. Babban abin da nake roƙon kowace mace shi ne kada ta ajiye ruwan soda a robar lemo ko ta ruwan sha. Fari ne kamar ruwa, yaro mai ƙishi ba ya tambaya, kuma likitoci sun san irin ɓarnar da yake yi wa maƙogwaro. Bayan an zuba a mazubi an yanka, sai a jera shi a inuwa mako huɗu zuwa shida ya sha iska. Mai neman kuɗin cefanen gobe ba za ta iya wannan jiran ba, ɗanye za ta fitar. Mai yi don gidanta kuwa babu mai kora ta.

To me na samu, tunda ba kuɗi ba? Na samu abin zuwa barka da ba a sayar da irinsa. Kuɗin da aka ba mai jego ranar suna kafin arba'in sun bi ruwa, ba ta ma tuna wa ya ba da nawa, amma shawul ɗin da aka saƙa wa ɗan fari yakan rufa ƙannensa uku, kuma duk hunturu sai an ambaci wadda ta saƙa. Na samu abokan zama, domin yarinyar da ba za ta iya faɗa wa uwarta damuwarta ba takan faɗe ta tana kallon zare, ba ta kallon idona. Zamanin takabata kuma, da baƙi suka ɗauke ƙafa, hannuna bai rasa abin yi tsakanin la'asar da magariba ba. Waɗannan ba sa shiga littafin ciniki, shi ya sa masu lissafin tallafi ba sa ganinsu.

Ga mai son farawa, da damina ake kama saƙar hunturu, ba a fafe gora ranar tafiya. Ki sayi zaren da zai ishe ki a lokaci guda, domin launi ɗaya daga rini daban yakan sha bamban, sai an gama rigar a fito rana sannan hannu ɗaya ya nuna kansa. Na jariri ki bar masa sakin wuya, kada ki sa masa igiya mai tsawo ko maɓallin da zai iya cirewa. Kuma ki sani yawancin abin da muke kira ulu a kasuwa yanzu ba gashin tunkiya ba ne, zaren roba ne da ake samu daga sinadaran man fetur. Ba ya son dutsen guga, kuma in ya haɗu da wuta narkewa yake ya manne a fata. Yaron da aka sa wa irin wannan rigar da asubar sanyi, a nisanta shi da kaskon gawayi da murhu.