Kaka a Makarantun Firamaren Kafanchan

Wanda ya baro Kano a farkon Oktoba, inda gero ya riga ya nuna, zai yi mamakin iske Kafanchan kore shar. Damina a Kudancin Kaduna takan kai ƙarshen Oktoba kafin ta tattara nata ya nata, shi ya sa zangon farko na karatu, wanda ake buɗewa a Satumba, yake somawa cikin ruwa, ya ƙare cikin hazon hunturu. Da sassafe za ka ga gajimare ya naɗa wa duwatsun Kagoro rawani, yara kuma na tsallaka tsohon layin dogo, wanda tun shekarun 1920 ya mai da garin mahaɗar jiragen Fatakwal da Kaduna da Jos.

Aikin farko a makaranta shi ne shara, sai sarar ciyawa da langa-langa, domin hutun damina kan mayar da filin wasa kamar daji. Daga nan a buga ƙararrawa, a yi layi, a rera taken ƙasa.

Abin da ya fi ɗaukar hankalina shi ne bakin yaran. A benci ɗaya za ka samu ɗan Bajju da 'yar Atyap da Bafulatani da jikan Ibo ma'aikacin reluwe. Kowa da harshen gidansu, a filin wasa Hausa ce ke haɗa su, a aji kuma Turanci ake nema. Ke nan yaro ɗan shekara 6 yana fama da harsuna uku. Idan ya yi shiru a aji, alhali a kasuwa ba a cutarsa wajen canji, bai kamata a yi saurin kiransa daƙiƙi ba.

Sai dai duk malamin da ya buɗe rajista a wannan lokaci ya san babban mai ɗauke masa ɗalibai: zazzaɓin cizon sauro. Ƙarshen damina ne kududdufai suka fi yawa, sauro ya fi ƙarfi. Maganin rigakafin da ake bi gida-gida ana rabawa da damina na 'yan ƙasa da shekara 5 ne, don haka ɗan firamare ba ya ciki. Garkuwarsa gidan sauro ce, wanda a gidaje da yawa akan bar wa uwa da jariri, 'yan makaranta su kwana a tabarma haka nan. Yaron da zazzaɓi ke yawan kayarwa jininsa kan yi ƙasa, ya zauna a aji yana gyangyaɗi, a ce masa malalaci. Iyaye, in jikin yaro ya yi zafi a kai shi a yi gwaji kafin a sayi magani a kemis. Haka kuma jini a fitsarin yaro mai wanka a rafi alamar tsargiya ce, tana da magani. Ranar da za a raba shi a makaranta a tabbatar yaro ya karya kumallo sosai, don ƙwayar takan wahalar da mai yunwa.

Lokacin tara, kaka kan nuna alherinta: dafaffiyar gyaɗa, gasasshiyar masara, rogo, ƙosai. Gwamnatin Kaduna ta fara ciyar da 'yan firamare a 2016, amma uwa mai dabara ba ta dogara da wannan ba. Kofin kunun acca kafin fita ya fi alewar da yaro zai saya a bakin ƙofa.

Da Nuwamba ta kama, sai citta ta shigo. Jama'a da Jaba da Kachia da Kagarko su ne gidanta, kuma tono da tsagawa da shanya duk suna son hannu da yawa. Nan za ka ga benci ya yi giɓi, musamman a aji 5 da 6. Ba na ganin laifin manomi ƙwarai, domin kuɗin littafi da yunifom daga cittar suke fitowa, kuma cutar da ta lalata gonakin citta a 2023 ta bar gidaje da dama hannu rabbana. Amma aikin yamma da na Asabar daban, ɗauke yaro mako biyu cur ana gab da jarrabawar Disamba daban.

Kafin a kai ga jarrabawar, hunturu ya sauko. Leɓɓa su tsage, ƙafafu su yi kaushi, tari ya zagaye aji, kuma a ajin da tagoginsa ba su da murfi yara kan matsu a kusurwar da rana ke fara leƙowa.