Farautar Shaho Da Kyamara A Fadamar Dagona

Tsakanin Nguru da Gashuwa, cikin ƙasar Bade ta Jihar Yobe, akwai wani tafki da ake kira Dagona. Yana cikin faffaɗar fadamar nan da kogunan Haɗeja da Jama'are ke shayarwa kafin su zama Komadugu Yobe, su nufi Tafkin Cadi. Nan ne aka keɓe domin tsuntsaye, har Yarima Philip, mijin Sarauniyar Ingila, ya ziyarce shi a shekarar 1989.

Da zarar hunturu ya kama, sai wurin ya cika da baƙi. Agwagin ruwa da sauran ƙananan tsuntsaye sukan gudo daga sanyin Turai, su ƙetare Sahara, su tarar da ɗinya da kirinjijiya 'yan gida. Bayansu kuwa ga shahuna iri iri, waɗansu ma tare suka ƙetaro, ga kuma shirwa da gaggafa mai kamun kifi. Waɗannan mafarauta su ne masu ɗaukar hoto ke yi wa kwanton ɓauna.

To, aikin ba na mai gaggawa ba ne. Wanda ya ƙware yakan fara karanta iska tun bai taɓa kyamara ba. Iskar hunturu daga arewa maso gabas take busowa, shaho kuwa yakan fuskanci iska in zai tashi ko zai sauka. Saboda haka da safe mutum ya ba gabas baya, sai rana da iska su kasance a bayansa, tsuntsun ya taho masa gaba da gaba, haske na dukan ƙirjinsa.

Kowane tsuntsu da lokacinsa. Shahon fadama yakan fito da sassafe, yana shawagi ƙasa ƙasa bisa ciyawa, kansa a sunkuye yana neman ɓera. Manyan kuwa sai hantsi ya dubi ludayi, ƙasa ta ɗumama, sa'an nan iska mai zafi ta ɗaga su sama ba tare da sun kaɗa fiffike ba.

Ana bukatar dogon gilashi, kamar mai milimita 400, da saurin ɗauka na kashi ɗaya cikin 1,000 na daƙiƙa ko fiye, in ba haka ba fikafikan su fito a dagule. Hazo kuma babban abokin gaba ne. Yakan mai da sararin sama fari fat, har tsuntsu ya fito baƙi kamar inuwa, sai an ƙara buɗe wa kyamara haske. Ƙura kuwa ba ta barin gilashin da aka bari a buɗe.

Amma duk wannan dabara banza ce in babu ruwa. Tun da aka gina madatsar Tiga a 1974, da ta Challawa a 1992, ambaliyar da ke cika fadamar ta ragu, ciyawar kachala kuma ta toshe hanyoyin ruwa da yawa. Inda ruwa ya janye, kifi da agwagi sukan ƙaura, shaho ya bi su, masunci da makiyayi su rasa abin yi. An sa Tafkin Nguru cikin jerin fadamun duniya na Ramsar a shekarar 2000, sai dai suna a takarda ba ya cika tafki. Ya rage ga masu riƙe da ƙofofin madatsun nan su riƙa sakin ruwa a kan kari.