Kafin Ka Sa wa Tsohuwar Fijo Lamba Biyar

Tun da aka cire tallafin man fetur ranar 29 ga Mayun 2023, babu dabarar da masu mota ba su gwada ba don lita ta ƙara nisa. Wani ya sa an matse masa kafireto har motar tana shaƙewa, wani ya jingine ta ya sayi babur. Samarinmu na Makarfi da Ikara da Hunƙuyi da suka gaji Peugeot 504 daga iyayensu kuwa, da yawa zancensu ɗaya ne: a sauke giyabos mai lamba huɗu, a ɗora na 505 mai lamba biyar. Ni da furfura ta same ni a kan sitiyari ina da ta cewa, 'ya'yana, kuma ba hana ku zan yi ba.

Ku fara sanin abin da za ku saya. A tsohon giyabos, idan ka sa lamba huɗu, injin ya juya sau ɗaya, farfela ma ta juya sau ɗaya. A lamba biyar farfela ce ke riga injin, sai juyinsa ya ragu da kusan kashi ɗaya cikin biyar. Gudun da kake yi injin na juyi 3,500 a minti, zai sauko wajen 2,800. Kuka ya ragu, zafi ya ragu, mai ma ya ɗan ragu. To amma ba kyauta ba ne. Duk cikin giyoyin babu mai raunin lamba biyar wajen ja, don ba ta ƙara wa injin ƙarfin komai. Hutar da shi kawai take yi, in akwai halin hutu.

Ba mu muka fara wannan kwaɗayin ba. A Amurka akwai masu riƙe da motocin shekarun 1960, irin su Ford Mustang da Pontiac GTO da suka fito a 1964, lokacin da fetur ke da arha kuma ba wanda ya damu da lissafin lita. Giyarsu uku ce ko huɗu. Da Larabawa suka rufe musu famfon mai a 1973 ne masu ƙera motoci suka shiga taitayinsu, giyar hutu ta yawaita. Yau masu waɗannan tsofaffin motoci na ɗora musu giyabos na zamani mai lamba biyar ko shida, irin na kamfanin Tremec, kuma suna jin daɗin abin. Sai dai ku lura, manyan injinansu silinda takwas gare su, ƙarfin ya yi musu yawa, kuma abin da motar ke ɗauka bai wuce mai gida da matarsa ba, a kan titi shimfiɗaɗɗe. Tamu Fijon, wadda masana'antar Kakuri a Kaduna da ta fara aiki a 1975 ta yi ta harhaɗawa har cikin shekarun 2000, silinda huɗu ce, injinta bai wuce lita biyu ba. Kun kuma san abin da muke ɗora mata.

Saboda haka kafin ka tambayi kuɗin giyabos, tambayi kanka wace hanya kake bi. Idan a-kori-kura ce da kai, kana kwaso rake daga fadama zuwa kasuwar Makarfi, ko kwandunan tumatir da buhunan barkono daga ƙauyukan Ikara, ƙirga mini sau nawa hannunka ke wuce lamba uku. Rami ne, yashi ne, kwalbati ce da ruwa ya cinye gefenta, ga shanu sun tare hanya. Lamba huɗun ma marmari kake yi da ita. Wanda zai ci moriyar lamba biyar shi ne mai hawa babban titi daga Tashar Yari, ya miƙe Zariya ko ya bi ta Kwanar Dangora zuwa Kano, da fasinja daidai kima.

Abin da ya fi tayar mini da hankali shi ne yadda yara ke wasa da ita bayan an sa. Na sha zama kusa da direba, an labta rake har sifirin ya kwanta, ƙeyar motar na neman taɓa ƙasa. Da ya ga 'yar kwalta sai ya jefa lamba biyar, don an ce masa ita ke rage shan mai. Hanya ta ɗan yi hawa, sandar giya ta fara karkarwa, injin na ƙwas-ƙwas kamar ana kaɗa tsakuwa a gwangwani. Maimakon ya sauko huɗu, sai ya danne totur har ƙasa. A wannan lokacin man da yake tattali zuba yake yi, ƙarafan cikin injin kuma suna cin junansu. Ranar da injin ya buga, sai a ce bakanike ne bai iya aiki ba, ko a ce sammu ne. Kunnenka shi ne malaminka: injin ya fara gunaguni, sauko.

Shi kansa aikin ba na kwance wannan ɗaura wancan ba ne. Giyabos mai lamba biyar ya fi tsohon tsawo, farfelar 504 kuma a cikin bututu take tafiya, don haka dole a rage tsawon farfela da bututun, ko a nemo waɗanda suka dace. Nan ne ake yin ɓarna. A kai wa mai walda na bakin titi ya yanke ya liƙa da ƙiyasin ido, motar ta fito tana rawa da zarar ta ɗauki gudu, rawar kuma sai ta ci duk abin da ke kusa da ita. A kai wa mai injin gyaran ƙarfe wanda zai auna ya daidaita, ko da kuɗinsa ya fi. In kuma motarka irin mai giya a jikin sitiyari ce, sai an huda ƙasa an fito da sanda. A duba maleji ma, don yana iya fara yi maka ƙarya.

Wajen saye, ko Ƙofar Ruwa ka je a Kano ko Panteka a Kaduna, kada ka je kai kaɗai, kuma kada fenti ya ruɗe ka. Tafi da bakaniken da zai ɗaura, don gobe kada ya ce ba shi ya zaɓa ba. A kwance kusar da ake tsiyaye mai, ka tara tafin hannunka, ka fita da shi rana. In ka ga yana ƙyalli da garin ƙarfe, ajiye musu abinsu, araha ba ta ado. A juya shi da hannu, a shiga kowace giya har ribas. Tunda an riga an sauke, a sake kuloci gaba ɗaya, kada a biya kuɗin aiki sau biyu.

Sai burki da taya. Motar da ta daina kuka tana yaudarar direba, ya yi ta gudu bai sani ba, kuma a lamba biyar in ka ɗaga ƙafa injin ba ya riƙe ta kamar da. Wanda burkinsa sai an yi famfo sau biyu yake kamawa, tayoyinsa kuma sun yi sanƙo, ba giya ce matsalarsa ba. Iyalan mutane ne a bayanka.

Tsohon giyabos ɗin kuma kada a sayar wa 'yan gwangwan da kuɗin cefane. A zuba masa mai, a naɗe a buhu, a ajiye a zaure. An daina ƙera irinsa, kuma ranar da sabon ya ba ka kunya a tsakiyar kakar tumatir, shi zai fitar da kai.

Mai jigilar rake ya riƙe lamba huɗunsa, ya sa kuɗin a sifirin da taya. Allah Ya tsare mana hanya.