Zaren Tsohon Bakanike

Aikina na farko a duniya ɗaukar jarka ne. Ina ɗan shekara goma sha biyar kawuna ya ɗauke ni karen mota a akori-kurarsa, Fijo 404 fara da kura ta mayar da ita ja. Daga Gwashi muke lodi, buhunan gero da dawa a ƙasa, mutane a sama, awaki a ɗaure a gefe, mu nufi Bukkuyum ko Nasarawar Burkullu, ran da kasuwa ta yi kyau mu dangana da Gummi. Lokacin duk yankin nan Jihar Sakkwato ne, sai a 1996 aka yanke Zamfara. Jarkoki biyu na ruwa ba sa rabuwa da bayan motar, kuma ba don mu sha ba.

Motar tana da wata ɗabi'a. In ta hau hanya mai kyau ta miƙe, lafiya lau. Amma da mun shiga yashi, Kawu ya sa giya ɗaya yana lallaɓawa, sai allurar zafi ta fara hawa. Kafin mu fita daga rafi tururi ya turnuƙe. Sai a tsaya, a ɗaga bonet, a jira, ni kuma in naɗe hannu da tsumma in kwance murfin lagireto a hankali ina kau da fuska. Har yau akwai tabo a bayan hannuna na dama na ranar da na yi gaggawa. Fasinjoji sun saba, wasu har sukan yi alwala da ragowar ruwan.

Ba abin da ba a yi mata ba. An wanke lagireto har sau biyu, an canza murfi, an cire abin nan da ke tsare ruwa sai inji ya ɗumama aka jefar, kamar yadda kowa ke yi a ƙasar zafi. Wani ya ce gasket ne, wani ya ce baki ne. Kawu ya biya kuɗin duka biyun.

Dalilin kuwa yana da nasaba da kuɗi. A 1975 aka fara harhaɗa Fijo a Kaduna, shi ya sa a lokacin ta cika Arewa, kayan gyaranta kuma ko'ina akwai. Amma bayan an karya darajar naira a 1986, sabon kaya ya fi ƙarfin mai motar ƙauye. Aka koma cire-cire: abin da aka samu a jikin mushen mota, in dai ramukan kusa sun dace, a ɗaura. Haka aka yi wa famfon ruwan motarmu wata rana da ya fara yoyo a hanya. An gyara, an ɗaura masa wani fuli na wata mota, da fanbel ya ƙi isa aka sa wanda ya fi shi tsawo. Mota ta tashi, kowa ya gode wa Allah, ba wanda ya sake tunawa da zancen.

Wani tsohon bakanike a Gummi ne ya gano. Ba shi da gareji, gindin darbejiya ne da akwatin sifana. Ya saurari Kawu bai ce komai ba, ya sa aka tada mota, ya kara tafin hannunsa gaban lagireto yana jin yadda fanka ke jan iska. Sannan ya ce a kashe.

"Yaro, miƙo mini zaren can."

Ya zagaya zaren a kwarin fulin da ke bisa famfon ruwa, ya yi ƙulli inda ya haɗu. Ya je wata matacciyar 404 da ke kan duwatsu a bayansa, ya zagaya nata. Zaren ya yi saura kusan tsawon yatsa. Ya ɗaga shi saitin idon Kawu.

"Alhaji, ga ciwon motarka. Wa ya sa maka wannan?"

Kawu bai je Makka ba a lokacin, amma mai mota kowa Alhaji ne.

Sai da na girma na gane lissafin da tsohon ya yi da zare. Fulin ƙasa, wanda ke bakin karanshaf, shi ke jan sauran ta fanbel. Fulin da ake ja kuwa, iya ƙanƙantarsa iya saurinsa, kamar ƙaramin yaro da ke bin babba a tafiya, dole ya ninka taku. A ce na ƙasa inci 6 ne, na famfo inci 5: inji ya juya sau 3,000 a minti, famfo zai juya sau 3,600. Ka sa mai inci 6 a madadinsa, ya koma 3,000, an yi asarar kashi ɗaya cikin shida ke nan. Kuma a wannan mota fanka a jikin fulin famfo take, don haka ruwa ya rage gudu, iska ma ta rage, lokaci guda. A kan kwalta ba ka ganewa, domin gudun mota kansa yana cusa iska cikin lagireto. A yashin Gwashi, inda inji ke nishi mota na rarrafe, ba mai kawo iska sai fanka.

Tsohon ya cire na mushen ya ɗaura mana, ya mayar da fanbel daidai tsawonsa, ya danna tsakiyarsa da babban yatsa ya ga ya ɗan lotsa kaɗan. Ranar muka ƙetare rafuka uku, ban taɓa jarka ba. Na ji daɗi, na kuma ji wani iri, kamar an kore ni daga aiki.

Da a nan Kawu ya tsaya, da an zauna lafiya. Amma mutum ne da in ya koyi abu sai ya wuce malaminsa. Motar dainamo gare ta, irin na da, wanda ba ya ba batir wuta in inji na sulo. Mu kuwa rabin rayuwarmu a sulo take: jiran fasinja, jiran a sauke buhu, tafiyar dare a hankali da fitila a kunne. Kusan kowace asuba sai na tara samari mun tura. Sai Kawu ya ce, tun da ƙaramin fuli sauri ne, a sa wa dainamo ƙarami sosai, batir ya riƙa cika ko mota na tsaye.

Tsohon ya ƙi. Ya ce dainamo ba a matsa masa gudu, gawayinsa zai cinye, dalmar da ke ciki ta narke. Ya ce altaneta ce aka yi don haka, ita tana jure juyi ninki biyu ko uku na inji, shi ya sa take caji tun daga sulo. Kawu ya ji kuɗin altaneta, ya yi godiya, muka tafi wajen wani yaro da ba ya gardama da mai biya.

Sati biyu Kawu yana cika baki a tasha. Gaskiya kuma jar fitilar caji ta daina lumshe ido a sulo, turi ya ragu. Sai dai ni da ke zaune kusa da inji na fara jin wani ƙara siriri duk sanda ya taka totur, kamar kukan ɗan tsako. Ƙaramin fuli ba ya ba fanbel wurin kamawa sosai, sai ya riƙa zamewa. Aka ƙara ɗaure shi tamau, wanda shi ma cin boris ne. Kuma duk abin da ka sa ya ƙara gudu, daga ƙarfin inji yake ci. Da lodi a hawa, motar ta ɗan yi nauyi, ko da yake Kawu ya ce kunnena ne.

Ranar da aka ɗauke mu shata zuwa Sakkwato muka biya bashin. Kwalta ta samu, Kawu ya sake mata, abin da ba ta saba ba. Mun yi nisa sai warin roba da na waya ya cika gaban mota, jar fitila ta kama, sai fat! Fanbel ɗaya ne ke jan komai, da ya tsinke fanka ta tsaya, famfo ya tsaya, caji ya tsaya. Allah ya sa Kawu ya kashe da wuri. Dainamo kuwa ba ya taɓuwa don zafi.

Igiyar ɗaure awaki na tufka, muka zarga ta tsakanin fulin ƙasa da na famfo kawai, muka bar dainamo. A haka muka lallaɓa zuwa garin gaba, kowane 'yan kilomita in sauka in sake ƙulli, kafin rana ta faɗi, don batir ba zai riƙe fitila ba.

Da muka koma Gummi tsohon bai ce "ai na faɗa" ba. Ya dubi igiyar, ya tambayi wa ya tufka ta, na ce ni ne. Ya gyaɗa kai, ya aike ni in ɗauko masa sifana goma sha uku, ya juya ga Kawu yana tambayar nawa ya zo da shi na altaneta.